Furojet kan homon da cututtukansa: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi

Darasin homon na cikin darussan da ɗalibi kan haddace yau ya manta jibi. Zuciya ana jin bugunta, ƙashi ana taɓa shi, amma homon ɗan ɗigo ne da ke yawo cikin jini, ido ba ya ganinsa. Shi ya sa malamai ke ba da furojet a kai, ko gani ya kori ji. Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa daga ɗaliban sakandare da masu fara karatun jinya da lafiya. An faro daga tushe, don haka wanda ya riga ya san tushen yana iya tsallakawa zuwa ta 5.

1. Mene ne homon, me kuma ake nufi da gilan?

Homon saƙo ne na sinadari. Wata gaɓa ce ke haɗa shi ta zuba cikin jini, jini ya zaga da shi ko'ina, amma ba ya aiki sai inda aka san shi. Gaɓar da ke haɗa wani ruwa ta fitar ita ake kira gilan, kuma iri biyu ne. Akwai mai bututu, kamar na yawu da gumi da hawaye, wanda ke tura ruwansa ta wata 'yar hanya. Akwai marar bututu, wanda ke tsiyaya kai tsaye cikin jini. Marasa bututun nan su ne tsarin endokirin. Kalmar homon daga Girkanci aka samo ta, ma'anarta zaburarwa, kuma Ernest Starling ne ya fito da ita a Landan a 1905.

To, tunda jini ɗaya ne ke ratsa ido da ƙoda da ɗan yatsa, me ya hana homon aiki a ko'ina? Kowace ƙwayar jiki tana da makarɓa, tamkar kwaɗo, homon kuma mabuɗi ne. Inda babu kwaɗonsa sai ya wuce. Saƙon jijiya kamar kiran waya yake, mutum ɗaya ake nema kuma nan take ya isa. Saƙon homon kamar shirin rediyo yake, iska ta kai shi kowane gida, amma sai wanda ya kamo tashar ke ji. Riƙe maganar makarɓa da kyau, za ta dawo a tambaya ta 9 da ta 10.

2. Waɗanne gilan ne dole su fito a aikina?

Daga sama zuwa ƙasa. A ƙwaƙwalwa akwai haifotalamos, a ƙarƙashinsa fitiwitari na rataye, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa kusan rabin giram. Sashen gabansa na fitar da homon shida: na girma, da TSH mai umartar tayirod, ACTH mai umartar adirinal, FSH da LH masu umartar gaɓoɓin haihuwa, da furolaktin mai kawo ruwan nono. Sashen baya ba ya haɗa komai, ma'aji ne kawai na ADH mai sa ƙoda riƙe ruwa da oksitosin mai matse mahaifa, waɗanda haifotalamos ya haɗa. Can ciki kuma akwai finiyal mai melatonin, homon da ke hawa da dare. A gaban wuya tayirod ne, a bayansa 'yan faratayirod guda huɗu masu kula da kalsiyam. Saman kowace ƙoda akwai adirinal, ɓawonsa na ba da kotizol da aldosteron, cikinsa na ba da adirinalin. Sai fankiriyas a bayan tumbi, sai ma'ajiyar ƙwai ta mace da 'ya'yan maraina na namiji.

A kula, fankiriyas ba saifa ba ce, ko da yake ana yawan haɗa su a fassara. Saifa tace jini take yi, ba ruwanta da insulin, homon da fankiriyas ke fitarwa don sauke suga a jini. Fankiriyas kuma yana cin tudu biyu: mafi yawansa gilan ne mai bututu da ke tura ruwan narkar da abinci zuwa hanji, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne kawai 'yan tsibiran da ke fitar da homon. Paul Langerhans ne ya gano tsibiran a 1869 yana ɗalibi, ba tare da ya san aikinsu ba. Mai son burge malami yana iya ƙarawa da cewa ƙoda da zuciya da kitse da mabiyiya duk suna fitar da homon, alhali ba a lissafa su cikin gilan.

3. An ce in zaɓi batu da kaina. Ta ina zan fara?

Kada ka zaɓi “tsarin endokirin” gaba ɗaya. Wanda ya yi haka zai ƙare da jerin sunaye da ya kwafo daga littafi, kuma malami ya ga irinsa ya gaji. Ɗauki homon ɗaya ka bi shi da tambaya huɗu: wa ya aiko shi, me ya sa aka aiko shi, wa ya karɓa, me zai sa a daina aikowa? Duk furojet ɗin da ya amsa huɗun nan ya tsaya da ƙafafunsa. Ta huɗun ce ɗalibai suka fi mantawa, ita ce kuma ran darasin, shi ya sa aka ware mata tambaya ta 4.

Sannan ka mayar da batun tambaya. Maimakon “tayirod”, ka ce me ya sa ƙarancin aidin ke kumbura wuya maimakon ya ƙanƙantar da shi? Maimakon “ciwon suga”, me ya haɗa suga a jini da yawan fitsari? Maimakon “homon girma”, me ya sa yawansa ke ƙara wa yaro tsawo amma ba ya ƙara wa babba? Idan amsar tambayarka ta shiga layi ɗaya, ta yi ƙanƙanta. Idan sai ka ambaci gilan bakwai, ta yi faɗi.

4. Maganar martani na ruɗa ni. Yaya zan bayyana ta yadda kowa zai gane?

Dubi dutsen guga na lantarki. Ya yi zafi sai ka ji ƙas, wuta ta yanke. Ya huce sai ƙas, ta dawo. Zafin da ya samar shi ne ke kashe abin da ya samar da shi. Haka mafi yawan homon ke aiki, mu kira shi martanin taka birki. Haifotalamos ya aika TRH zuwa fitiwitari, fitiwitari ya aika TSH zuwa tayirod, tayirod ya fitar da T4 da T3. Da waɗannan suka yawaita a jini sai su koma sama su ce wa na farko da na biyu ya isa haka. A zanenka, kibiyar da ke komawa baya ita ce mafi muhimmanci, ka ba ta launi dabam.

Akwai kishiyarsa, martanin ƙara wuta, amma ba shi da yawa domin dole wani abu daga waje ya kashe shi. Lokacin naƙuda kan jariri na danna bakin mahaifa, wannan ya sa a saki oksitosin, oksitosin ya ƙara matse mahaifa, matsewar ta ƙara danna kan. Haka za a yi ta yi har jariri ya fito. Fitowarsa ce birkin.

5. Fosta ko samfuri zan yi. Yaya zan hana shi zama kwalliya kawai?

Jikin mutum da aka yanka daga kwali aka liƙa masa gilan masu launi yana da kyau a bango, amma wuri kawai yake nunawa, ba ya nuna aiki. Sa masa motsi. Ja zare ja daga fitiwitari zuwa tayirod, zare shuɗi daga tayirod ya koma. Liƙa ambulan a kan kowace gaɓa da 'yan katuna masu yanka daban-daban, ta yadda katin insulin ba zai shiga ramin TSH ba. Mai kallo ya gwada da hannunsa, ya gane makarɓa ba tare da ka yi dogon bayani ba.

Samfurin da ya fi koyarwa a ganina shi ne na ruwa. Bokiti mai ƙaramar huda a gindi shi ne jini, ruwan ciki shi ne homon, hudar ita ce hanta da ƙoda masu share shi. Sama da shi famfo mai ƙwallon nan da ke yawo kan ruwa, irin na tankin bayan gida, mai toshe famfo idan ruwa ya cika. Daga nan sai ka ɓata shi a gaban jama'a. Toshe famfon, ruwa ya ƙafe: gilan ya gaza. Danne ƙwallon ƙasa, ruwa ya yi ambaliya: ƙari ne ya tsiro a gilan, ba ya jin birki. Ka nuna cuta biyu cikin minti ɗaya. Kuma a yi girman gaɓoɓi da gaskiya, domin fitiwitari mai girman dunƙulen hannu ƙarya ce da ido zai haddace.

6. Mu goma ne a rukuni. Wane aiki ne zai sa kowa ya taɓuka?

Wasan kwaikwayo. Biyu su zama fankiriyas, ɗaya ƙwayar beta mai insulin, ɗaya ƙwayar alfa mai gulukagon. Ɗaya hanta, uku tsoka, sauran su zama jini suna zagaya aji da 'yan takardu a matsayin suga. An ci abinci, takardu sun yawaita, beta ta miƙa katin insulin, tsoka ta buɗe hannu, hanta ta tara nata. An daɗe ba a ci ba, alfa ta miƙa nata katin, hanta ta fito da ajiya. A zagaye na biyu a zaunar da beta. A na uku a bar ta, amma tsoka ta ƙi buɗe hannu sai an miƙo mata kati uku. Wani ya tsaya a allo yana ƙirga takardun da ke hannun jini kowane rabin minti, domin ku fita da jadawali, ba dariya kaɗai ba. Ma'anar zagaye na biyu da na uku tana tambaya ta 10.

7. Akwai na'urar auna suga a gidanmu. Zan iya auna 'yan ajinmu kafin da bayan cin abinci?

A'a. Huda yatsa aikin jini ne, kuma ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau suna bin jini. Ko an canza allura, abin da ke harba ta yana iya ɗaukar jini, shi ya sa ba a raba shi tsakanin mutane. Bayan haka, idan na'urar ta nuna wa wani lamba mai tayar da hankali, kai ba ka da hurumin fassara masa. Haka nan ba a sa kowa ya ƙi cin abinci, ko ya sha ruwan suga da yawa, ko ya haɗiyi wani magani don furojet. Maganin homon ko insulin kuwa ko kusa: insulin a jikin mai lafiya yana iya kisa. Gwaji a kan dabbobi ma sai da izinin kwamitin da ke kula da haka, ba aikin ɗan sakandare ba ne.

Abin da za ka iya shi ne fitsarin ƙarya. Haɗa ruwa da ɗan launin rawaya a kwalabe huɗu, malami ya zuba gulukos daban-daban a ɓoye, ɗaya ya bar ta babu. Zuba ruwan Benedict, ka ɗumama cikin ruwan zafi. Babu suga, shuɗi zai tsaya. Akwai, zai juya kore, rawaya, ruwan lemo, har ja kamar bulo, gwargwadon yawansa. Sukarin shayi ba zai nuna ba, dole gulukos, kuma wannan ma abin rubutawa ne. A yi shi a ɗakin gwaji da tabarau, malami na tsaye.

8. To, wane gwaji na gaske zan yi wanda ba hatsari?

Na gishiri ya fi. Akwai ɗan ruwan gwaji da ake ɗigawa a gishiri, idan da aidin sai wurin ya koma shuɗi mai duhu. Raba gishiri ɗaya kashi huɗu: a rufe a inuwa, a buɗe a inuwa, a buɗe a rana, da wanda aka bari ya sha laima. Gwada kowane mako, ka ɗauki hoto a haske iri ɗaya. Ka sani dai ɗigon yana nuna akwai ko babu ne da ɗan kintace, ainihin adadi sai ɗakin gwaji. Mai yiwuwa ma ba za ka ga bambanci ba, domin sinadarin aidin da aka fi sa wa gishiri yana da juriya. Rashin bambanci ma sakamako ne, rubuta shi yadda ya fito. Alaƙar wannan da kumburin wuya tana tambaya ta 11.

Na biyu bugun zuciya. Babba mai hutawa yakan buga 60 zuwa 100 a minti. Auna masu sa kai suna zaune, ka ba su lissafin ka na minti biyu agogo na gudu, ka sake aunawa, sannan kowane minti har ya sauka. Amma kada ka rubuta cewa ka auna adirinalin, ba ka auna ba. Jijiyoyin saƙo ne ke fara zaburar da zuciya cikin daƙiƙoƙi, adirinalin ya biyo baya ya ƙara. Ɗalibin da ya faɗi wannan iyaka da bakinsa ya fi wanda ya ɓoye ta maki. Kuma ban da tsorata mutane don a ga zuciya ta buga.

9. Cututtukan sun yi yawa. Yaya zan tsara su?

Uku ne a tushe: homon ya yi kaɗan, ya yi yawa, ko yana nan amma makarɓa ba ta ji. Ɗauki gilan ɗaya ka jera kaɗan da yawa gefe da gefe, alamomin za su fassara juna. Kotizol ya yi kaɗan, cutar Addison ke nan, wadda Thomas Addison ya bayyana a 1855: kasala, rama, saukar jini, sha'awar gishiri, da duhun fata. Ya yi yawa, cutar Cushing: fuska ta yi zagaye, ciki ya yi teɓa, hannu da ƙafa su sirance, jini da suga su hau. Abin da ya fi jawo Cushing ba ƙari ba ne, daɗewa ne ana amfani da magungunan siteroyid masu aiki irin na kotizol. Kuma wanda ya daɗe a kansu ba ya yankewa rana ɗaya, domin adirinal ɗinsa ya saba da birki ya yi barci. Koma tambaya ta 4 ka ga dalili.

Homon girma shi ma yana ba da misali mai kyau. Kafin ƙarshen balaga bakin dogayen ƙasusuwa a buɗe yake, don haka yawan homon na miƙar da yaro. Robert Wadlow, Ba'amurken da ya rasu a 1940 yana ɗan shekara 22, ya kai santimita 272. Bayan bakin ya rufe tsawo ya ƙare, sai dai tafin hannu da ƙafa da muƙamuƙi su yi ta faɗi, zobe ya matse, takalmi ya yi kaɗan.

10. Ciwon suga na zaɓa. Me ya bambanta nau'i na 1 da na 2, kuma waɗanne lambobi zan sa?

A nau'i na 1 garkuwar jiki ce ke juyowa ta kashe ƙwayoyin beta, insulin ya ƙare. Ya fi kama yara da matasa, ba shan zaƙi ke kawo shi ba, kuma mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin. A nau'i na 2 insulin na nan, amma jiki ya yi masa kunnen ƙashi. Fankiriyas ya yi ta ƙarowa shekara da shekaru har ya gaji. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suga wannan ne da su, kuma gado da ƙiba da rashin motsa jiki da shekaru duk suna da hannu. Akwai kuma na masu juna biyu, wanda homon ɗin mabiyiya ke jawowa, ana gwada shi galibi tsakanin mako na 24 da na 28.

Lambobin gane cutar: miligiram 126 a desilita ko sama idan mutum ya kwana bai ci ba, wato milimol 7.0 a lita. Ko 200, wato 11.1, awa biyu bayan shan gulukos giram 75 a asibiti. Ko HbA1c kashi 6.5 cikin ɗari, gwajin da ke nuna matsakaicin wata biyu zuwa uku. Ƙasa da 70 kuma suga ya faɗi. Don juya ma'auni, raba miligiram da 18. Zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kai, haɗa su a jadawali ɗaya yana rikita mai karatu.

Kada ka jera alamomi, ka sarƙa su. Idan suga ya haura kusan 180, ƙoda ba ta iya mayar da shi duka, sai ya zubo cikin fitsari. Suga na jan ruwa, fitsari ya yawaita. Ruwa ya fita, ƙishirwa ta zo. Ƙwayoyin jiki na yunwa ga abinci a bakin ƙofa, sai jiki ya koma cin kitsensa da tsokarsa, mutum ya rame yana ci. Alama huɗu, dalili ɗaya.

11. Me ya sa maƙoƙo ke fitowa? Na ga an ce yawan homon na kawo shi, ƙarancinsa ma haka.

Duka biyun gaskiya ne, kuma wannan na cikin batutuwan da suka fi daɗin furojet. Tayirod ba ya iya haɗa homon sai da aidin. Lambobin 4 da 3 da ke jikin T4 da T3 ma adadin ƙwayoyin aidin ɗin da ke maƙale da su ne. Aidin ya yi kaɗan, homon ya ragu, birki ya saki, fitiwitari ya yi ta antayo TSH. TSH kuwa ba umarnin aiki kaɗai yake bayarwa ba, yana sa gilan ɗin girma. Wuya ya kumbura. A cutar Graves, wadda Robert Graves ya bayyana a 1835, garkuwar jiki ce ke ƙera mabuɗin jabu da ke buɗe kwaɗon TSH dare da rana. Nan ma wuya ya kumbura, amma homon ya yi yawa: zufa, rawar hannu, faɗuwar gaba, rama, wani lokaci idanu su firfito. Kishiyarta cutar Hashimoto, wadda wani likitan Japan ya bayyana a 1912, tana kawo jin sanyi, nauyin jiki, bushewar fata da taurin bayan gida.

Babba na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai juna biyu 250 bisa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi na dogara da homon ɗin. David Marine ya gwada ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a Akron ta jihar Ohio daga 1917, maƙoƙo ya ragu. Siwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, jihar Michigan ta Amurka a 1924.

12. Malaminmu ya ce mu yi nazarin majinyaci. Ina zan samu majinyaci?

Ƙirƙiro shi, ka rubuta a sama cewa ƙirƙira ce, ka kira shi Majinyaci A. Ba da koke, ba da abin da likita ya gani, ba da sakamakon jini, ka bar aji su kamo gilan mai laifi. Tayirod ya fi sauƙi. T4 ƙasa, TSH sama: laifin tayirod ne, fitiwitari na ta ihu ba a amsa ba. T4 sama, TSH ƙasa: tayirod ya yi gaban kansa. Duka biyun ƙasa: a duba fitiwitari.

Ga mai neman mai wuya: mace ta zubar da jini sosai wurin haihuwa, bayan nan nono bai kawo ba, al'ada ba ta dawo ba, kasala da jin sanyi sun dame ta. Gaɓa ɗaya ce ta haɗa alamomin nan duka. Fitiwitari kan ƙara girma lokacin goyon ciki, faɗuwar jini ta hana shi abinci, wani sashensa ya mutu. Harold Sheehan ya bayyana haka a 1937. Jerin homon shida na tambaya ta 2 shi ne mabuɗin.

13. Ina da ɗan'uwa mai ciwon suga. Zan iya hira da shi, ko in raba takardar tambayoyi?

Za ka iya, da sharaɗi. Malami ya amince tukuna. Ka gaya wa mutumin me za a yi da maganarsa, ya yarda da bakinsa, kuma yana da damar cewa a tsaya. Yaro sai da izinin iyaye. Ban da suna, ban da hoto, ban da bayanin da zai sa a gane shi, domin “wani ɗan'uwana” ma a ƙaramin aji tona asiri ne. Ka tambayi yadda yake tafiyar da yininsa da abin da yake so mutane su daina ce masa, kada ka ba shi shawarar magani.

Takardar tambayoyi kuma ta fi kyau ta auna sani, ba lafiyar mutane ba. “Wace gaɓa ke fitar da insulin?” ta fi “kana da ciwon suga?” Raba ta kafin gabatarwarka da bayanta, ka kwatanta. Idan mutum 30 ka tambaya, a kan mutum 30 ɗin nan za ka yi magana, ba a kan al'umma ba.

14. Ban iya gwaji ba, tarihi na fi so. Zai karɓu a matsayin furojet na kimiyya?

Ƙwarai, muddin ka bi tunanin masu binciken maimakon jera shekaru. Dabara ɗaya ce ta gina fannin nan: cire gaɓa ka ga me ya ɓaci, mayar da ita ka ga ko ya gyaru. A 1849 Arnold Berthold a Jamus ya fiɗiye zakaru, zankonsu ya ƙi girma, cara da faɗa suka tafi. Waɗanda ya dasa wa gwaiwa a cikin ciki kuwa suka zama zakaru cikakku, alhali babu jijiyar saƙo da ta haɗu, sai ta jini. A 1889 Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare fankiriyas, ya kamu da ciwon suga. A 1902 William Bayliss da Starling suka yanke jijiyoyin wani sashen hanji, duk da haka ya ci gaba da aika wa fankiriyas saƙo, suka gano homon da ake kira sikiritin.

Rabin dabarar na biyu, wato mayarwa, shi ya ɗauki shekara 30 da ɗoriya a ciwon suga. Frederick Banting da Charles Best sun tatso insulin a Toronto ta Kanada a 1921, James Collip ya tace shi, a Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson ɗan shekara 14 allura ya farfaɗo. Kyautar Nobel ta 1923 ta tafi ga Banting da John Macleod, Banting ya raba kuɗinsa da Best, Macleod ya raba da Collip. Wa ya cancanta? Muhawara ce mai kyau a aji. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon suga ta duniya.

15. Batun balaga da al'ada na ba ni kunya. In kauce masa?

In ka ga ba za ka iya tsayawa gaban aji da shi ba, zaɓi wani, babu laifi. Amma jadawali na ɗauke kunya. Layi huɗu a kan kwana 28, FSH da LH da istirojin da furojesteron (biyun ƙarshe ma'ajiyar ƙwai ce ke fitar da su), sun ishe ka magana ta minti goma cikin harshen ilimi. Nuna inda istirojin ke sauya hali daga taka birki zuwa ƙara wuta, LH ya yi tsalle, ƙwai ya fita bayan kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ka ambaci cewa 28 misali ne, 21 zuwa 35 duk lafiya ne ga babbar mace. Cutar da ta dace da wannan batu ita ce PCOS, matsalar homon da ke shafar ma'ajiyar ƙwai, wadda bisa ƙa'idar Rotterdam ta 2003 ake ganewa da biyu cikin uku: al'ada mai tsallake, alamar yawan homon maza, da yawan 'yan ƙunshin ƙwai a hoton ciki.

16. Na ga alƙaluma daban-daban a intanet. Wanne zan ɗauka?

Kowane adadi ka haɗa shi da mai shi da shekararsa. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 a 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miliyan 830 a 2022. Ba wai mutum miliyan 300 suka kamu cikin shekara ɗaya ba, hanyar ƙirga ce ta bambanta. Kawo duka biyun ka bayyana haka, ya fi ka ɓoye ɗaya. Shafin da ke bayani kan “daidaita homon” yana kuma sayar da magani a gindin bayanin, talla ce. Homon ba guda ɗaya ba ne balle kwalba ɗaya ta daidaita shi. Tambayi mai tallar wane homon, daga wane gilan, da wane gwaji aka gane, ka ga ko zai amsa.

17. Tun da na fara karatun nan nake ganin alamomin a jikina. Ina da cutar ne?

Kusan duk mai karatun lafiya ya taɓa shiga wannan hali. Kasala, canjin nauyi, faɗuwar gaba da ƙuraje suna cikin jerin cututtukan homon, suna kuma cikin jerin rashin barci da fargabar jarrabawa da balaga. Gwajin jini ne ke rabewa, kuma ko shi sai an san lokacin ɗauka, domin kotizol na hawa da sassafe ya sauka da dare. Idan abu ya kai makonni yana damunka, ko ka ga kumburi a wuya, gaya wa babba a je wurin likita. Wanda kuma ke fama da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da rama cikin 'yan makonni, a kai shi a ranar. In amai ko ciwon ciki ko numfashi mai zurfi ko magagi ya haɗu da su, ɗakin gaggawa za a nufa nan take.